Ko ka sani? Jirgin katako ne ya ci tseren Ingila zuwa Ostireliya

A Magaria da Dungass, da an gama girbin gero da dawa, yara sun sami kayan aiki. Su ɓare kara da reza, su soka ɓawon cikin totuwa, sai ga mota ko jirgin sama har da farfela. A Turai manya ne ke irin wannan wasa, amma da kwali. Ana buga sassan jirgi a kan takarda mai kauri, mutum ya yanka, ya lanƙwasa, ya manna da gam. A Foland, mujallar Mały Modelarz tana buga irin waɗannan tun 1957, kuma ma'aunin da aka saba da shi can shi ne 1:33, wato santimita ɗaya a kwali daidai take da 33 a jirgin gaske.

Cikin tsofaffin jiragen tsere da ake kwaikwaya akwai DH.88 Comet na kamfanin de Havilland. Faɗin fikafikansa mita 13.4 ne, don haka na kwali bai wuce santimita 40 da ɗan abu ba. Abin mamaki, na gasken ma kusan duk jikinsa katako ne da gam!

An ƙera shi ne saboda tseren 1934 daga Mildenhall a Ingila zuwa Melbourne, tafiyar da ta haura kilomita 18,000. Ya fara tashi ranar 8 ga Satumba, aka shiga tsere ranar 20 ga Oktoba. Mako shida kenan tsakani. Wani Comet ja mai suna Grosvenor House, wanda C. W. A. Scott da Tom Campbell Black suka tuƙa, ya sauka cikin ƙasa da awa 71, ya kwashe kyautar fam 10,000. Jirgin KLM na ƙarfe, DC-2, sai a bayansa ya zo.

Fiffikensa ne ke da ban sha'awa. An so shi siriri ƙwarai don ya tsaga iska, har ya kasance ginshiƙan ciki kaɗai ba za su iya ɗaukar nauyin ba. Sai masu ƙira suka jera siraran falankai a karkace, suka ɗora wani layi a kai ta ɗaya ɓangaren, suka manne su, fatar da kanta ta ɗauki kaya. Mai haɗa na kwali yana jin wannan a hannunsa. Takarda a shimfiɗe laƙwas take, amma da ya naɗe ta a jikin fensir ya manne bakin, sai ta ƙi lanƙwasuwa. Gam kaɗan ake sawa da tsinken ashana, don in ya yi yawa takardar jiƙewa take yi, fiffiken ya murɗe.

Farfelarsa kuwa abin dariya ce. Ƙirar Ratier ce ta Faransa, kuma kafin a tashi da famfon keke ake hura mata iska don a daidaita ruwanta. In jirgi ya yi gudu sai ruwan farfelar ya sauya karkata da kansa, ba ya kuma komawa sai an sauka an sake hurawa.

Comet ya taɓa ƙasar Nijar ma. A Disamban 1934, ɗaya daga cikinsu, wanda aka raɗa wa suna Reine Astrid, ya yada zango a Yamai ɗauke da wasiƙun Kirsimeti daga Brussels zuwa Léopoldville, wato Kinshasa ta yau.

Guda biyar kacal aka ƙera. Grosvenor House yana nan a Old Warden a Ingila, cikin tarin jiragen Shuttleworth, an gyara shi ya koma tashi.