Digirin Digirgir a Fannonin Harshe da Tarihi a Yankin Safana

Digirin digirgir, ko digiri na uku, shi ne mataki mafi girma a karatun jami'a, kuma wanda ya kammala shi ake kira Dakta. A fannonin harshe, adabi, tarihi, falsafa da nazarin addini, ɗalibi kan zaɓi matsala guda ya bincike ta ƙarƙashin malami mai dubawa, ya rubuta kundi, sannan ya kare shi a gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. A Najeriya mafi ƙarancin lokacinsa shekara 3 ne, amma da yawa kan wuce haka. Ga ɗan ƙaramar hukumar Safana da ke yammacin Jihar Katsina, shawarar shiga wannan karatu ta fi rataya a kan abu guda: ko yana da aikin koyarwa a babbar makarantar gwamnati kafin ya fara, domin tallafin karatu kan bi mai aiki ne.

Inda ake karatun

Jami'ar da ta fi kusa da Safana ita ce Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Akwai kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a birnin Katsina, da aka kafa a 2006. Tsofaffin cibiyoyin nazarin Hausa da tarihin Arewa kuwa su ne Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato.

Malaman farko na fannin a waje suka yi nasu. M.K.M. Galadanci ya kammala a Landan a 1969 kan nahawun Hausa, Ɗandatti Abdulƙadir kuma a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975 kan Mamman Shata. Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, a gida ya yi nasa: ya kammala a Zariya a 1974 kan tarihin ƙasar Katsina, aikin da ya fito a littafi a 1981.

Kuɗin karatu

A jami'o'in Amurka da wasu na Turai ana biyan ɗalibin digirgir alawus, sau da yawa a madadin koyarwar da yake yi. A Najeriya ɗalibi ne ke biyan kuɗin makaranta kowace shekara, da na tafiye-tafiyen bincike, da buga kundi, da halartar tarukan ƙara wa juna sani.

Babbar hanyar tallafi ita ce asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, ake kuma zuba masa kuɗin haraji daga ribar kamfanoni. Sai dai ƙofarsa ƙunci gare ta. Malamin jami'a, kwalejin ilimi ko kwalejin kimiyya da fasaha ta gwamnati kaɗai ke samu, makarantarsa ce za ta miƙa sunansa, kuma zai sa hannu cewa zai dawo ya yi mata aiki. Ke nan malamin Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma na iya nema, amma malamin sakandare a Safana ko Runka ba ya ciki, ko da digirinsu na biyu iri ɗaya ne. Haka ma malamin jami'a mai zaman kanta. Daga farkon 2025 asusun ya dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje, saboda tsada da kuma yadda wasu ba sa dawowa.

Tallafin waje da ya keɓanta ga waɗannan fannoni kaɗan ne. Fitacce a ciki a da shi ne shirin ƙungiyar ACLS ta Amurka da aka fara a 2008 da kuɗin gidauniyar Carnegie, wanda ya shafi Najeriya, Gana, Tanzaniya, Uganda da Afirka ta Kudu, amma shirin ya riga ya zo ƙarshe. Asusun PTDF kuwa ya fi karkata ga fannonin da suka shafi man fetur.

Akwai kuma asarar da ba a rubutawa a rasit, wato lokaci. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma duk wanda ke jiran kare kundinsa a lokacin sai da ya jira.

Bincike a yankin

Ɗan yankin yana da abin da baƙo ba shi da shi: ya san karin harshen Katsinanci, ya san dattawan da za a tambaya. Tarihin Ruma da Batsari, zaman Hausawa da Fulani a gefen dajin Rugu, waƙoƙin noma da na farauta, duk batutuwa ne da za su ɗauki kundi. Amma matsalar 'yan bindiga ta sa shiga ƙauyuka ya zama haɗari, ta kuma tarwatsa wasu mutanen da ake son ji daga bakinsu. A Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Safana da Batsari. Mai irin wannan bincike kan haɗa da takardun Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da na Gidan Arewa, dukansu a Kaduna, ko ya bi waɗanda suka yi ƙaura zuwa Katsina da Dutsin-Ma ya yi hira da su a can.

Aiki bayan kammalawa

A cikin jami'a amfanin digirin a bayyane yake. Mai shi kan fara daga matakin Malami na Biyu, kuma a yawancin jami'o'i ba a kaiwa Babban Malami, balle Farfesa, sai da shi. Ga wanda ya riga ya shiga koyarwa, digirgir tilas ne. Ga wanda bai shiga ba, takardar ba ta buɗe gurbi da kanta, domin ɗaukar malamai a jami'o'in gwamnati ba kowace shekara ake yi ba.

A waje da jami'a, masu ilimin Hausa na samun aiki a sassan Hausa na BBC, DW da RFI, a fassara, a ɗab'i, a ƙungiyoyin agaji, da kuma sabon fagen koya wa kwamfuta harshe, inda ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP ke tattara bayanai. Galibin waɗannan wurare digiri na farko ko na biyu suke nema, tare da gwanintar aiki. Shi ya sa da yawa kan nemi gurbin mataimakin malami tukuna bayan digiri na biyu, su yi digirgir suna karɓar albashi.