Barin Aiki da Sauran Ƙarfi: Hakkin Fansho da Zaman Gida

Bisa ƙa'idar aikin Gwamnatin Tarayyar Nijeriya, ma'aikaci yakan yi ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko kuwa ya cika shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Sharaɗin nan na biyu shi ne ba a cika lura da shi ba, alhali kuwa shi ne mai sallamar mutum da sauran ƙarfinsa. Alal misali, yaron da ya gama sakandare ya kama aikin akawu yana ɗan shekara 19, yana cika 54 zai miƙa mabuɗin ofis, ko furfurar kirki bai yi ba, watakila ma autansa bai gama firamare ba. An ɗaga wa wasu ƙafa: dokar 2012 ta kai farfesoshin jami'a shekara 70, ta 2022 kuma ta kai malaman makaranta shekara 65, ko 40 ta aiki. Yawancin saura kuwa suna nan kan tsohuwar ƙa'ida.

Ban da wannan, akwai wanda ake sallama ba shiri. A 1975 Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin 'yan watanni, da yawansu a rediyo suka ji labarin. Tun daga ran nan ma'aikacin Gwamnati ya daina ɗaukar kujerarsa tamkar gonar gado. A 2009 kuma aka kawo wa'adin shekara 8 ga manyan sakatarori da daraktoci, aka dakatar da shi a 2016, sa'an nan aka maido da shi a 2023. Akwai kuma mai ajiye aiki don kansa, saboda rashin lafiya, ko gajiya, ko kwaɗayin kasuwanci. Duk waɗannan abu guda ya haɗa su, watau tazarar da ke tsakanin ranar da albashi ya tsaya da ranar da rayuwa ta sake daidaita. Tazarar nan kuwa ta kuɗi ce, ta lokaci ce kuma.

Kafin a gane hakkin mai ritaya a yau, wajibi ne a waiwayi tsohon tsari. A ƙarƙashin Dokar Soja mai lamba 102 ta 1979, ma'aikaci ba ya zuba ko kwabo. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin garatuti, watau kuɗin sallama da ake biya a dunƙule, da fansho na wata-wata har ƙarshen rai, ana lissafa su bisa albashin ƙarshe da yawan shekarun aiki. Wanda ya ajiye aiki don kansa sai ya cika shekara 45 kafin fanshonsa ya fara fita. A takarda tsari ne mai kyau ƙwarai. Aibinsa shi ne ba a ware kuɗin ba, sai abin da kasafin shekara ya bari. Saboda haka bashi ya yi ta taruwa, tsofaffi suka riƙa wuni a layin tantancewa da takardu a hammata. Har yau akwai masu karɓa bisa wannan tsari, kuma hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013, ita ke biyan yawancin na Tarayya.

Dokar Gyaran Fansho ta 2004 ta juya al'amarin, aka kuma sabunta ta a 2014. Yanzu kowane ma'aikaci yana da asusun ajiya na kansa a hannun wani kamfanin kula da fansho, hukumar PenCom na sa ido. Duk wata ana cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, kamfanin ya juya kuɗin don su haihu. Wanda ya yi aiki kafin 2004 yana bin Gwamnati hakkin waɗancan shekaru, sai an lissafa an zuba masa a asusun, kuma jinkirin zuba wannan kaso ya sha tsare mutane watanni ba su ga ko sisi ba. Jihohi kuwa kowace da dokarta: wasu sun bi tsarin Tarayya, wasu, kamar Jigawa da Kano, sun zaɓi asusun haɗaka wanda ake zuba kuɗi a ciki a biya bisa albashi da shekaru. Don haka ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma dokar jiharsa zai nema ya karanta, kada ya dogara da abin da ya ji daga abokinsa na Tarayya.

A nan ne mai barin aiki da wuri ya kamata ya natsu. Doka ta ce ba a buɗe asusun sai mutum ya yi ritaya kuma ya cika shekara 50. Wanda ya bar aiki yana da 44, ko shi ya ajiye ko sallamarsa aka yi, in ya yi wata 4 bai sami wani aikin ba, iyakar abin da zai iya cira kashi 25 cikin 100 ne. Ragowar sai ya jira shekara 6. An keɓe wanda likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba. Bugu da ƙari, hasarar mai fita da wuri riɓi biyu ce. Shekarun ƙarshe na aiki su ne na albashi mafi tsoka, su ne kuma ya bari bai zuba ba. Ga shi kuma abin da ya tara za a shimfiɗa shi kan shekaru masu yawa. A tsohon tsari tsawon ran mai fansho nauyin Gwamnati ne. A sabon tsari nauyin ya koma kan asusunsa.

In lokacin karɓa ya yi, yakan ɗebi wani kaso a dunƙule, sa'an nan ya zaɓi ɗaya cikin hanya biyu. Ko dai kamfanin fansho ya riƙa yanko masa wata-wata daga asusun, in ya rasu magada su karɓi abin da ya saura. Ko kuwa ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora, shi kuma ya ɗauki alkawarin biyansa har ƙarshen rai. Mai iyali da yawa yakan karkata ga ta farko saboda gado, mai tsoron kada kuɗi su riga shi ƙarewa ya karkata ga ta biyu. Ko wacce aka ɗauka, tsadar kaya na gaba da ita. Sashe na 173 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan Tarayya duk shekara 5, ko duk lokacin da aka sake duba albashi, amma a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a shekara guda. Fanshon da ya sayi buhun masara bara, bana sai a koma awo da kwano.

Kuɗin dunƙulen nan su ne jarrabawa ta farko. Ranar da suka shigo, labari ya riga ya zaga dangi. Ga auren 'ya, ga rufin ɗaki, ga kujerar Makka, ga ƙane mai neman jari, kuma duk buƙatu ne na gaskiya waɗanda ba a kunyar faɗa. Sai dai kuɗin ba riba ba ne, guzurin sauran rayuwa ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne faɗa wa sana'ar da ba a sani ba. Mutumin da ya shekara 30 yana rubuta takarda sai ya sayi motar haya ya danƙa wa direba, ko ya zuba kaji dubu bai taɓa kiwon goma ba. Wanda ya fara 'yar gonarsa ko shagonsa tun yana ɗaukar albashi, ya yi kurakuransa lokacin da akwai abin toshe ɓaraka, shi ne yakan tsira. Dokar aiki ma ta yarje wa ma'aikacin Gwamnati noma, ko da yake ta hana shi gudanar da wani kasuwancin yana bakin aiki.

Tazarar lokaci ba a lissafa ta da alƙalami, amma takan fi ciwo. An yi sallar asuba, an karya kumallo, ƙarfe takwas ta yi, ba inda za a. A gidan Bahaushe tsakar gida da rana ta mata ce, da girkinsu da baƙinsu da 'yan sana'o'insu. Maigidan da ya tare a ciki ya shiga ƙidayar cefane da tambayar inda gishiri ya tafi, ba da jimawa ba zai zama baƙon da aka ƙosa da shi a gidansa. Shi ya sa zaure da majalisar ƙofar gida suke da amfani, amma majalisa ba ta cika wuni, kuma tsaransa duk suna ofis. Masu gaisuwa su ragu, wayar da ba ta hutawa ta yi shiru, wanda jiya ake ce wa "ranka ya daɗe" yau shi ke jira a benci a sa masa hannu. Mace mai ritaya sau da yawa takan fi saurin sabawa, domin zumunci da hidimar gida da adashi ba su taɓa barin hannunta ba.

Waɗanda suka zauna lafiya galibi su ne suka sa wa ranarsu turaku: ɗaukar karatu wurin malami da hantsi, zagaya gona, koyarwa a makarantar unguwa, riƙe littafin kuɗin masallaci ko na ƙungiyar gari, inda sanin fayil da lissafi yake da daraja. Tafiyar ƙafa ma ta shiga lissafi, don hawan jini da ciwon sukari sukan bayyana ne a shekarun nan, daidai lokacin da inshorar lafiya ta wurin aiki, wadda aka gina kan mai ɗaukar albashi, take zame wa mutum.

Abin da ya fi saurin jawo jinkirin biya kuwa ƙarami ne a ido, watau saɓanin takardu. Takardar kama aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da shaidar haihuwa, da lambar zama ɗan ƙasa, lalle suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a cikinsu duka. Wanda aka rubuta Muhammadu a wata takarda, Mamman a wata, ko aka rage masa shekara biyu ranar shiga makaranta, gara ya gyara tun fayil ɗinsa na hannun abokan aikinsa, kafin ya koma mai zuwa daga gida da kuɗin motarsa.