Ƙungiyar Gama Kai Ko Banki: Wa Ya Fi Kusa Da Manomi?

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san halin da manomi ke shiga idan damina ta tsaya, rumbu ya ƙare. Ya karɓi buhun gero wajen mai hali, da kaka ya biya biyu. In ya nufi banki kuwa, sai a nemi takardar fili jingina, alhali gonar gado ba ta da takarda, a kuma ɗora masa kuɗin ruwa.

Irin wannan ƙunci ne ya sa wani magajin gari a Jamus, mai suna Raiffeisen, ya kafa ƙungiyar lamuni ta manoma a ƙauyen Heddesdorf a 1864. Mutanen ƙauye guda su haɗa kuɗi, su ranta wa junansu, kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa. Banki mallakar masu hannun jari ne, riba yake nema, dukiyar mutum yake dubawa. Ƙungiya kuwa ta 'ya'yanta ce, halin mutum take dubawa, gama maƙwabci ya san mai cika alkawari. A Nijeriya an yi dokar ƙungiyoyin gama kai tun 1935.

To, sai dai ƙungiyoyin Jamus suna karɓar ruwa, ko da kaɗan ne, Alƙur'ani kuwa ya haramta riba a Suratul Baƙara. Dokta Ahmad Najjar, wanda ya yi karatu a Jamus, ya ɗauko tsarin ajiya na can ya cire masa ruwa. A 1963 ya buɗe asusu a garin Mit Gamr na Masar, inda ake ba da rance ba ƙari, ake kuma zuba jari a raba riba da hasara. Manoma suka amince, har gwamnati ta karɓe shi a 1967.

Mu 'yan kasuwa da ma'aikata da muka san adashi, wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu. Banki ya fi ƙarfin jari da tsaron kuɗi, ƙungiya kuwa fari guda ko ma'aji maras amana na iya rusa ta. Saboda haka lalle a rubuta kowane bashi gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta surar nan ta umurta, a riƙa binciken littafi kowace shekara. Masu ilmin lissafi a cikinmu su taimaki ƙauyukansu da wannan aiki.

Allah Ya tsare mu daga cin haram, amin.