Cigung: motsa jikin mutanen Sin da ciwon da ya ƙi tafiya

A wajen likitoci, duk ciwon da ya haura wata uku bai tafi ba ya zama ciwo mai daɗewa. Ciwon baya ne a kan gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da shi a 2020, kuma ya fi yawa ga mata. Mu dai ba sai an faɗa mana dalili ba: daka, jan guga, ɗaukar itace, goyo, duƙawa gaban murhu tun asuba.

Abin da yawancinmu muke yi ma sananne ne. A aiki yaro wajen mai tallar magani ya sayo ƙwaya, a haɗiye, a koma aiki. Diklofenak da ibuprofen suna kwantar da ciwo kam, amma shansu kullum yana iya haƙa gyambon ciki ya kuma taɓa ƙoda. Tramol kuwa in ya kama mutum, rabuwa da shi sai an sha wuya. Kuɗin ƙwayar nan kuma daga ribar ƴar sana'ar da aka ci bashin asusu dominta yake fita.

Mutanen ƙasar Sin suna da wata tsohuwar dabara da suke haɗawa da maganin asibiti. A takarda ana rubuta sunanta qigong, a baki kuwa cigung ake cewa. «Ci» numfashi ne ko ƙarfin rai, «gung» kuma gwanintar da ake samu ta yawan yi. Motsi ne a hankali ƙwarai, ana daidaita shi da numfashi, hankali kuma yana kan jiki. Ba gudu, ba tsalle.

Abin ya tsufa. A 1973, a birnin Cangsha, an tono wani kabari da aka rufe shekara 168 kafin haihuwar Annabi Isa. Cikin kayan da aka tarar har da ƙyallen alharini mai zanen mutum 44, maza da mata, kowa yana wani irin miƙa. Sunan cigung ya bazu ne a shekarun 1950, lokacin da aka fara koyar da shi a gidajen jinya. A 2003 hukumar wasanni ta ƙasar ta tsara jeri huɗu na motsi don lafiyar jama'a. Wanda ya fi sauƙi ga mai farawa shi ne Baduwanjin, motsi takwas da ake gamawa cikin minti goma sha biyu ko kusa da haka.

To, yana aiki? An gwada, kuma amsar ba ɗaya ba ce. A Balin ta ƙasar Jamus, wani bincike da aka fitar a 2011 ya raba mutum 123 masu daɗaɗɗen ciwon wuya gida uku: masu cigung, masu motsa jiki irin na asibiti, da waɗanda aka bari suna jira. Bayan wata shida masu cigung sun fi masu jira samun sauƙi, amma sun yi kusan kunnen doki da masu motsa jikin asibiti. A Boston ta Amurka, a 2016, an gwada taici, ɗan uwan cigung, a kan mutum 204 masu ciwon gwiwa, aka ga ya yi amfani daidai da gashin asibiti. Sai dai wani binciken na Balin a kan tsofaffi 176 masu ciwon baya bai ga bambancin a zo a gani ba bayan wata uku.

Ni a ganina wannan ya isa a gwada, amma bai isa a yi ta kururuwa ba. Ciwon yana raguwa ga wasu, ba ɓacewa yake yi ba, kuma sai an daure makonni. Ko a Sin ɗin, a shekarun 1980, an yi masu cewa suna warkar da mutum da iskar tafin hannunsu daga nesa, suna karɓar kuɗin jama'a. Duk wanda ya zo muku da irin wannan, ku riƙe kuɗinku. Wadda kuma take tambayar ko addini ne, irin wanda ake koyarwa a asibiti babu bauta a cikinsa, miƙa ce da numfashi.

Dalilin sauƙin ba boyayye ba ne. Mai ciwon baya takan ji tsoron motsi, ta ɗaure jikinta, naman wurin ya yi rauni ya sandare, ciwon ya ƙaru. Aikin gida kuwa, duk yawansa, gefe ɗaya yake murɗa jiki kullum, shi ya sa ba ya maye gurbin miƙa. Motsi a hankali yana sassauta wurin, dogon numfashi kuma yana kwantar da jiki, barci ya gyaru.

Ga motsi biyu daga cikin takwas ɗin. Ki tsaya, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan sake. Ki sarƙe yatsu a gaban mara, ki ɗaga hannu sannu a hankali kina jan numfashi ta hanci, ki juya tafin sama kamar mai tallafe rufin ɗaki. Sai ki raba hannun, ki sauke su ta gefe kina sakin numfashi. Sau shida. Na biyu na wuya ne: hannu a gefe, ki waiwaya hagu a hankali kamar an kira ki daga baya, ƙirji bai juya ba, ki dawo, ki yi dama. In kin ji ja, babu laifi. In kin ji suka ko jiri, ki tsaya. Wadda tsayuwa ke wahalarwa ta yi a zaune kan kujera. Masu ciki da masu hawan jini su fara tambayar ma'aikatan lafiya.

Wahalarsa ɗaya ce: ɗorewa. Mace ita kaɗai a gida kwana uku za ta yi ta bari. Mu kuwa muna haɗuwa kowane mako, kuma mun saba da zubi kaɗan-kaɗan. Ƙungiyar da ta ga dama tana iya ware minti goma kafin a buɗe akwati, a cikin gida inda ba idon maza, a kuma sa mace ɗaya ta riƙa tambayar wa ta yi a gida cikin mako.

Akwai ciwon da ba na miƙa ba ne. In ciwon baya ya zo da zazzaɓi, rama, doguwar tari, mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko kuma ya biyo bayan faɗuwa, a tafi likita ranar nan. Tarin fuka ma yana kama ƙashin baya, kuma akwai maganinsa a asibiti.