Jinyar Taɓin Hankali Mai Sa Majinyaci a Gaba

Jinya mai sa majinyaci a gaba tsari ne da ake jin burin mai taɓin hankali kafin a tsara masa magani, domin farfaɗowa ba gushewar alamomin cuta kaɗai ba ce, ta haɗa da komawa gona, kasuwa da zumunci. Tsarin ba baƙo ba ne a Nijeriya, domin a 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata tare da danginsu a gidajen ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tabbatar wa majinyaci 'yancin sa baki a jinyarsa.

A Ruwan Gizo da sauran garuruwan Talata Mafara, Bakura da Maradun, inda hare-haren 'yan bindiga suka bar jama'a da firgici, asibitin ƙwararru na Kware yana da nisa, saboda haka nauyin ya rataya a wuyan iyalai, malamai da ma'aikatan ƙananan asibitoci, waɗanda ya kamata su saurari majinyaci, su guji ɗaure shi da mari, su kuma tabbatar bai yanke shan magani ba.