Kafin a Zaɓa wa Ƙaramin Yaro Tsarin Karatu a Gida

Iyayen da suka yi niyyar koyar da ɗansu mai shekara 2 ko 3 a gida, maimakon kai shi nazare, abin da ke fara rikita su shi ne yawan sunaye: Montessori, Waldorf, Charlotte Mason, kowane tsari da littattafansa da kayansa masu tsada. Sai uwa ta ɗauka cewa in ta yi kuskuren zaɓi ta cuci ɗanta. A ganina wannan fargaba ba ta da tushe, domin duk saɓanin masu waɗannan tsare-tsare, bakinsu ya zo ɗaya a kan yaron da bai kai shekara 6 ba: da hannunsa da ƙafarsa da kunnensa yake koyo, kuma zaunar da shi gaban littafi kafin lokaci ba ya ƙara masa komai.

Maria Montessori likita ce 'yar Italiya. A shekarar 1907 ta buɗe gidan yaranta na farko a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum, inda iyaye ke fita aiki su bar 'ya'ya suna gararamba. Ta sa aka yi musu kujeru da tebura daidai tsayinsu, ta bar su suna shara, suna ɓalle maɓalli, suna juye ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan. Ta lura cewa yaro na iya maimaita aiki ɗaya sau da yawa cikin natsuwa, muddin babba bai katse shi ba. Makarantar Waldorf ta farko, wadda Rudolf Steiner ya tsara a Stuttgart ta Jamus a 1919 don 'ya'yan ma'aikatan wata masana'antar taba, ta jinkirta koyon karatu sai wajen shekara 7, lokacin da yaro ke famfara, ta cika shekarun farko da labari da waƙa da kwaikwayon aikin manya. Ita kuwa Charlotte Mason ta Ingila, a littafinta na 1886 kan tarbiyyar gida, cewa ta yi a bar yaro ya shafe awanni a waje kullum yana kallon tsiro da ƙwaro da tsuntsu.

Wanda ya fahimci wannan zai ga cewa akasarin kayan aikin suna nan a tsakar gida. A ba yarinya faifai da wake ta tsince tsakuwa, yatsun da za su riƙe fensir gobe ne take horarwa. A ba yaro ludayi da ƙwarya biyu ya riƙa kwashe gero daga wannan zuwa waccan; zai zubar, sai a miƙa masa 'yar tsintsiya, sharar ma darasi ce. Abin da ya fi duk wannan shi ne hira. Yaron da ake amsa tambayarsa, ake faɗa masa sunan abin da ya nuna, ake yi masa tatsuniya da dare, yana tara kalmomin da karatu zai hau kansu daga baya. A yi masa hirar nan da harshen da uwa ta fi sakewa a cikinsa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife tun daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci a firamare ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa.

Za a ce ɗan maƙwabta yana rera ABC tun yana shekara 3, kada a bar namu a baya. Damuwa ce ta gaskiya, amma rera haruffa daban, karatu daban. A Finland sai yaro ya kai shekara 7 yake shiga firamare, kuma binciken Sebastian Suggate a New Zealand ya gano cewa yaran da suka fara koyon karatu a shekara 7 sun kamo waɗanda suka fara a shekara 5 kafin su gama firamare. Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne na lokaci da abokan wasa. Uwar da aiki ya sha mata kai tana iya ƙarewa da miƙa wa yaro waya, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce kada kallon ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa 1 a rana, kuma ya samu aƙalla awa 3 yana motsa jiki. Gidan da ba zai iya samar da wannan ba, ko wanda yaro ke wuni a kulle ba sa'anninsa, nazare mai kyau ta fi masa alheri, kuma babu abin kunya a ciki.

Saboda haka a fara da kallon yaron na 'yan makonni kafin a sayi komai. Mai son jera abubuwa shi kaɗai zai ji daɗin salon Montessori, mai son labari da kwaikwayo ya fi kusa da Waldorf, wanda ɗaki ba ya riƙe shi kuwa shawarar Mason ta dace da shi, kuma babu laifi a haɗa. Idan ya kusa shekara 6 sai a sake zama a yi shawara, domin a Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin ɗansu ya yi firamare da ƙaramar sakandare.