Ɗalibin da Sai Ya Taɓa Yake Ganewa

A kowane aji akwai su. Malami na bayanin yadda lantarki ke bin waya, su kam sai hamma, amma a shiga wokshop a miƙa musu filaya, nan za ka ga aiki. Mukan yi saurin cewa "wane ba ya ja", alhali da hannu maƙeran Daura suke koyar da yaransu tun kaka da kakanni: yaro ya daɗe yana zuga wuta, yana kallo, kafin a ba shi guduma.

A 1987 wani malami, Neil Fleming, ya ware wa irin waɗannan ɗalibai rukuni a tsarinsa na VARK. Sai dai binciken baya bai tabbatar da cewa kowa da salon koyonsa ɗaya tak ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta Scott Freeman da abokansa a 2014. Sun haɗa bincike 225, suka ga faɗuwa ta sauko daga kusan kashi 34 cikin 100 zuwa 22 a azuzuwan da ɗalibai ke aiki da kansu maimakon lacca zalla. Wato kowa na amfana, wasu dai sun fi matsuwa.

Ni a ganina, watanni huɗun SIWES, shirin da ITF ta kafa a 1973, sun yi musu kaɗan. Sauran yana hannunmu. Ranar firaktikal, don Allah kada mutum ɗaya ya kankane na'ura sauran su kwafi rahoto. A karatun rukuni kuma, ku ba abokin nan tsohuwar fanka ya kwance ya mayar, sannan ku matsa masa ya rubuta abin da ya yi daki-daki, tunda a ɗakin jarrabawa biro za a ba shi.